Saɓa wa rinjaye: ma'anarsa da yadda ake amfani da shi

A duk inda mutane suka zauna domin yanke shawara, kotu ce ko majalisa ko kwamiti ko zauren malamai, akan sami wanda zai ce bai yarda da abin da mafi yawan abokan zamansa suka tsaya a kai ba. Akwai kalmomi da dama da ake kiran irin wannan mutum da su, amma ba dukansu suka dace da shi ba, wasunsu ma zalunci ne a kansa. Tambayoyin da ke biye sun shafi lafazin da ya fi dacewa da abin da yake yi, wato saɓa wa rinjaye, da inda ya rabu da maƙwabtansa.

Me ake nufi da saɓa wa rinjaye?

Shi ne mutum ya fito fili ya bayyana cewa bai amince da matsayar da mafi yawan masu yanke shawara tare da shi suka ɗauka ba. Sai yana cikin taron, yana da bakin magana a ciki, sannan a ce ya saɓa wa rinjaye. Wanda yake waje yana faɗin aibin hukuncin da wasu suka yanke mai suka ne ko mai sharhi, wanda kuma ya ƙi abu a zuciyarsa amma ya ɗaga hannu tare da jama'a, a wurin taro ana lissafa shi cikin waɗanda suka amince.

Ita kalmar rinjaye daga awo take: idan ɓangare ɗaya na ma'auni ya fi nauyi sai a ce ya rinjaya. Daga nan aka samu masu rinjaye da marasa rinjaye. Ba dole ba ne mai saɓawa ya zama shi kaɗai, domin alƙalai uku cikin bakwai ma marasa rinjaye ne, kamar yadda mutum ɗaya cikin ɗari yake.

Yaya ake gina jimla da wannan kalma, kuma mene ne bambancin saɓa wa, saɓa da, da saɓani?

Idan aka ce wane ya saɓa wa sauran alƙalai, ana nufin shi ne ya ɗauki matakin, ya san matsayarsu kuma ya ƙi ta. Idan kuwa aka ce ra'ayinsa ya saɓa da nasu, bambanci kawai aka nuna, ba a ce wani ya tsaya wa wani ba, mai yiwuwa ma ba su taɓa zama tare ba. Saɓani suna ne da bai nuna wanda ya fi yawa ba: mutum biyu suna iya samun saɓani, kwamiti yana iya rabuwa gida biyu daidai wa daida a ce an sami saɓani, har waɗanda suka wuce juna a hanya ba su haɗu ba sukan ce sun yi saɓani. Saboda haka mai rubuta labari da ya ce an sami saɓani a kotu bai gama sanar da mai karatu ba, sai ya faɗi alƙalai nawa ne suka tafi a kan me, nawa kuma suka ƙi.

A wajen rubutu, idan suna ya biyo baya ana raba kalmomin biyu, kamar a ce ta saɓa wa kwamitin. Idan kuma aikin ake ambata da kansa sai a haɗe su, kamar a ce saɓawar da ta yi ta jawo muhawara. Da wakilin suna ana cewa ya saɓa mata ko ya saɓa musu.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi sosai. Da wannan aikatau ɗin ake cewa saɓa wa Allah, saɓa wa iyaye, saɓa wa doka da saɓa alkawari, kuma daga gare shi kalmar saɓo ta fito. Kunne ya saba jin sa tare da laifi, don haka da zarar an ce wani ya saɓa wa jama'a sai zuciya ta riga ta yanke masa hukunci. Amma abin da aka saɓa wa shi ke nuna ko akwai laifi ko babu. Inda biyayya ta wajaba, saɓawa laifi ce. Inda aka tara mutane aka tambaye su ra'ayinsu, wanda ya ce a'a amsa tambayar da aka yi masa ya yi, kuma da ba a son jin a'a da babu dalilin tambayar tun farko.

Ashe ba adawa ba ce kawai aka sake wa suna?

A'a. Adawa, ko hamayya, matsayi ne mai ɗorewa. Jam'iyyar adawa tana gefe guda tun daga ranar da aka kafa gwamnati har zuwa zaɓe na gaba, kuma aikinta ne ta riƙa bin diddigin masu mulki da niyyar karɓar kujerarsu. Mai saɓa wa rinjaye kuwa a kan mas'ala ɗaya yake tsayawa, gobe a wata mas'alar yana iya kasancewa cikin masu rinjaye, har ma ya zama shi ne mai rubuta matsayarsu. Sau da yawa ma daga cikin gida yake fitowa, kamar ɗan jam'iyya mai mulki da ya ƙi goyon bayan ƙudurin jam'iyyarsa. Kiran irin wannan mutum ɗan adawa yana mayar da maganarsa ta zama ta ɓangaranci, sai a daina duba hujjarsa a koma tambayar wa ya turo shi.

To ina bambancinsa da bijirewa, ɓallewa da tawaye?

Bambancin yana cikin abin da mutum ya yi bayan an gama ƙidaya. Mai saɓa wa rinjaye yana faɗin matsayarsa, yana neman a rubuta ta, amma yana yarda cewa hukuncin taron ya hau kansa kamar yadda ya hau kan kowa. Mai bijirewa ya ƙi bin hukuncin bayan an yanke shi. Mai ɓallewa ya bar taron gaba ɗaya, shi kuwa ɗan tawaye ya ƙi yarda da ikon masu hukuncin, galibi har da ɗaukar makami.

Tarihin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, ya nuna wannan a sarari. Da labarin rundunar Ƙuraishawa ya iso, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarci sahabbai, kuma shi ya fi karkata ga a tsaya cikin Madina a kare ta. Abdullahi ɗan Ubayyu ma haka ya gani. Amma da yawa daga cikin sahabbai, musamman waɗanda ba su halarci Badar ba, suka nemi a fita a tari abokan gaba a waje. Annabi ya sa sulkensa ya fita da mutum kusan 1,000, shi kuwa ɗan Ubayyu da aka yi nisa sai ya juya da kusan mutum 300, yana kafa hujja da cewa an ƙi shawararsa. A zauren shawara ra'ayin Annabi da na ɗan Ubayyu ɗaya ne, abin da ya biyo baya ne ya raba su.

Wani lokaci saɓawa takan rikiɗe ta zama ɓallewa idan aka toshe mata hanya. A shekarar 1529, a taron majalisar daular da aka yi a birnin Speyer na ƙasar Jamus ta yau, sarakuna 6 da wakilan birane 14 sun gabatar da takardar ƙin amincewa da hukuncin masu rinjaye game da koyarwar malamin Kiristan nan Martin Luther, suna cewa a al'amarin imani yawan ƙuri'a ba ya ɗaure lamirin mutum. Daga sunan wannan takarda aka samo sunan Furotesta, waɗanda daga baya suka zama ɓangare mai zaman kansa a addinin Kirista.

Mene ne hukuncin marasa rinjaye a kotu?

Kotunan ɗaukaka ƙara ba alƙali ɗaya ke zama a cikinsu ba, kuma akan zaɓi adadi mara, kamar uku ko biyar ko bakwai, domin kada a yi kunnen doki. Bayan sauraron shari'a, abin da mafi yawansu suka tafi a kai shi ne hukuncin kotu, shi ake zartarwa, shi kuma ƙananan kotuna za su bi. Alƙalin da bai gamsu ba yana da damar rubuta nasa hukuncin da hujjojinsa, a karanta shi a zauren kotu, a buga shi tare da na masu rinjaye. Wannan shi ake kira hukuncin marasa rinjaye. Ya bambanta da na alƙalin da ya yarda da sakamakon shari'ar amma ya bi ta wata hujja dabam ya isa gare shi, domin wannan na biyun yana cikin masu rinjaye.

A Disamban 2008 Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da zaɓen Umaru Musa 'Yar'aduwa a ƙarar da Muhammadu Buhari ya ɗaukaka, da alƙalai huɗu a kan uku. Ukun da suka saɓa su ne George Oguntade, Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen, waɗanda suka ga cewa rashin sanya lambobi a jere a kan takardun ƙuri'a ya saɓa wa dokar zaɓe har ya kai a soke zaɓen. Abin lura shi ne wannan matsaya ba ta hana biyu daga cikinsu kaiwa ƙololuwar aikinsu ba, domin Aloma Mukhtar ta zama Alƙaliyar Alƙalan ƙasar a 2012, mace ta farko a wannan kujera, Onnoghen ma ya hau ta daga baya.

Kada a ɗauka cewa marasa rinjaye kullum su ne masu ja da gwamnati. A ranar 1 ga Satumban 2017 Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen da aka ce Uhuru Kenyatta ya lashe, da alƙalai huɗu a kan biyu, kuma biyun da suka saɓa, Jackton Ojwang da Njoki Ndung'u, su ne suka ga ya kamata a bar zaɓen yadda yake. Lafazin bai ce komai game da wanda ke kusa da mulki ba, matsayin mutum a cikin ƙidaya kawai yake nunawa.

Idan ba a zartar da shi, mene ne amfanin rubuta shi?

Amfaninsa na farko yana zuwa tun kafin a karanta hukunci. Alƙalan da suka san cewa abokin aikinsu zai fito da raunin hujjarsu a rubuce, lauyoyi da ɗalibai su karanta, dole su ƙara tsefe abin da za su rubuta, kuma yakan faru a wajen wannan musayar wani ya sauya ra'ayi har rinjaye ya koma ɗaya ɓangaren. Shi ma wanda ya faɗi a shari'a yana samun natsuwar cewa an saurari hujjarsa da gaske, tun da ga wani alƙali ya ɗauke ta ya gina hukunci a kanta.

Amfani na biyu sai an daɗe ake ganinsa. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta dokar jihar Louisiana da ta raba taragon jirgin ƙasa na farar fata da na baƙar fata, da alƙalai bakwai a kan ɗaya. Wannan ɗayan, John Marshall Harlan, ya rubuta cewa tsarin mulkin ƙasar bai san launin fata ba, kuma ya yi gargaɗin cewa hukuncin zai zama mai cutarwa ƙwarai. Bai rayu ya ga sauyin ba, domin ya rasu a 1911, amma a 1954, shekara 58 bayan wancan hukunci, kotun ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Lauyoyin da suka yi wannan gwagwarmaya sun tarar da hujjarsu a rubuce cikin kundin kotun kanta, kuma da an tilasta wa Harlan ya sa hannu tare da sauran, da ba su tarar da ita ba.

Kowace kotu ce take ba da wannan dama?

A'a. Ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila sun saba da shi, amma a al'adar Faransa shawarar alƙalai sirri ce, hukunci kuma da sunan kotu yake fita ba tare da an san wa ya yarda wa ya ƙi ba. Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ma ba ta buga ra'ayin marasa rinjaye. Kotun tsarin mulkin Jamus sai a 1970 doka ta ba alƙalanta wannan dama, ita kuwa Kotun Duniya da ke birnin Hague sashe na 57 na dokar da ta kafa ta ya amince wa kowane alƙali ya ba da ra'ayinsa dabam. Masu hana bugawa suna cewa hukuncin da ya fito da murya ɗaya ya fi kwarjini, kuma yana kare alƙali daga matsin lambar wanda ya naɗa shi. Hujja ce mai nauyi, musamman a kotun da alƙalanta ke neman a sabunta musu wa'adi, amma tana ɓoye wa jama'a cewa mas'alar tana da fuska biyu.

Yaya malaman fiƙihu suke kallon wanda ya saɓa wa mafi yawan malamai?

Su ne ma suka fi kowa tantance kalmomin wannan babi. Sun raba tsakanin ijma'i, wato haɗuwar dukan masu ijtihadi na wani zamani a kan hukunci, da maganar jumhuru, wato abin da mafi yawansu suka tafi a kai. Saɓa wa ijma'in da ya tabbata ba a yarda da shi ba, amma saɓa wa jumhuru abu ne sananne da littattafan fiƙihu suka cika da shi, inda za a ce jumhuru sun tafi a kan kaza, wane kuma ya saɓa musu, sannan a kawo hujjar kowa. Ra'ayin da ya ware ba tare da hujja mai ƙarfi ba shi ake kira shazzi, kuma ba a ba da fatawa da shi.

A mazhabar Malikiyya akwai wani rabo mai amfani ƙwarai ga wannan tattaunawa. Ana kiran magana mashhuriya idan masu faɗarta sun yi yawa, ana kuma kiranta rajiha idan hujjarta ta yi ƙarfi. Sau da yawa magana ɗaya takan haɗa siffofin biyu, amma kasancewar an ba su suna biyu ya nuna malaman sun san rinjayen yawa da rinjayen hujja suna iya rabuwa.

Misalin da aka fi sani shi ne na saki uku a lafazi ɗaya. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa uku ne, Ibn Taimiyya kuwa, wanda ya rasu a 1328, ya ce ɗaya ne, ya kuma sha suka mai tsanani a kan haka. Bayan ƙarni shida, a 1929, dokar iyali ta Masar ta ɗauki ra'ayin cewa ɗaya ne, wasu ƙasashen Musulmi ma suka bi sahu. Ba a kawo wannan don a yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu ba, domin har yau malamai suna da saɓani a kai, an kawo shi ne don a nuna cewa ra'ayin da aka adana tare da hujjarsa yana nan a ajiye ga waɗanda za su zo daga baya.

A majalisa fa, yaya ake nuna saɓawa?

Hanya mafi bayyana ita ce kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, musamman inda ake kiran suna ɗaya bayan ɗaya. A ranar 2 ga Disamban 1914 Karl Liebknecht shi kaɗai ne a majalisar Jamus ya ƙi amincewa da kuɗin yaƙi, alhali jam'iyyarsa ta amince. A ranar 8 ga Disamban 1941, kwana ɗaya bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, majalisar wakilan Amurka ta amince da shelanta yaƙi a kan Japan da ƙuri'a 388, Jeannette Rankin ita kaɗai ta ƙi. Haka Barbara Lee ta tsaya ita kaɗai a gaban ƙuri'a 420 a ranar 14 ga Satumban 2001, tana ganin cewa iznin amfani da ƙarfin soja da ake ba shugaban ƙasa ya yi faɗi da yawa. Duka ukun batun yaƙi ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin yaƙi ne jama'a suka fi saurin kiran mai tambaya maci amana.

Ƙaurace wa ƙuri'a wani abu ne dabam, domin mai ƙauracewa bai ce e ba bai ce a'a ba, kuma bai dace a rubuta cewa ya saɓa ba sai idan shi ya faɗi haka. A kwamitoci kuma akwai rahoton marasa rinjaye, wanda ake haɗawa da babban rahoto a miƙa tare. Majalisar ministoci tana da nata tsarin a ƙasashe irin su Birtaniya: minista yana da damar musu a cikin ɗaki, amma da an fito dole ya kare matsayar gwamnati ko ya ajiye aiki, kuma ajiye aikin ne minista Robin Cook ya yi a Maris ɗin 2003 saboda yaƙin Iraƙi.

Hawa kujerar na-ƙi ma saɓa wa rinjaye ne?

Sun yi kama a baki amma sun bambanta a sakamako. Idan ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ta hau kujerar na-ƙi, ƙudurin ya mutu ko da sauran 14 sun amince. Wannan iko ne na hanawa. Mai saɓa wa rinjaye ba ya hana komai, hukunci yana wucewa a kan idonsa, abin da ya mallaka kawai shi ne a ji maganarsa a kuma rubuta ta.

Me ya sa yake da wuya mutum ya saɓa wa jama'a ko da ya ga kuskure ƙarara?

A farkon shekarun 1950 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya gwada wannan a Amurka da wata tambaya mai sauƙi. Yakan zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka shirya da su a ɓoye, a nuna musu layi ɗaya, a ce su zaɓi wanda ya yi daidai da tsawonsa cikin layuka uku. Amsar a bayyane take, amma sai waɗanda aka shirya su ba da amsar kuskure ɗaya bayan ɗaya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a a kan kuskure aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a binciken shi ne da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi amsar daidai, bin kuskuren ya ragu ƙwarai. Wato mai saɓawa na farko yana buɗe bakin wasu da suka ga abin da ya gani amma suka ji tsoron zama saniyar ware.

A wurin aiki kuwa tsoron ya wuce na kunya, ya haɗa da na rasa girma ko rasa aikin kansa. A daren da ya gabaci harba kumbon Challenger, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokinsa, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ba da shawarar a dakata saboda sanyi yana iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yin aikinsa. Manajoji suka keɓe suka amince a harba. A ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu.

Wannan yana nufin mai saɓa wa rinjaye shi ne mai gaskiya?

Ko kusa. Labaran da ake yawan bayarwa na waɗanda tarihi ya gaskata ne, kamar likita Ignaz Semmelweis da ya nuna a birnin Vienna a 1847 cewa wanke hannun likitoci yana rage mutuwar masu jego amma aka yi watsi da shi, ko Alfred Wegener da ya ce a 1912 nahiyoyi suna motsi ba a yarda ba sai a shekarun 1960, ko Barry Marshall da Robin Warren da suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki har suka sami kyautar Nobel a 2005. Ana tuna waɗannan ne saboda sun yi daidai, dubban da suka saɓa suka kuma yi kuskure ba wanda ya riƙe sunayensu. Kuma abin da ya gaskata su hujja ce da wasu suka iya gwadawa suka tabbatar, kaɗaicinsu bai ƙara musu komai ba.

Akwai saɓawar da ta jawo asarar rayuka. Wasu tsirarun masana sun yi ta musun cewa ƙwayar HIV ce ke haddasa ƙanjamau, gwamnatin Thabo Mbeki a Afirka ta Kudu ta ba su kunne a wajajen shekarar 2000, aka yi jinkirin raba magungunan rage kaifin cutar, kuma wani bincike na jami'ar Harvard da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000. Haƙƙin mai saɓawa shi ne a saurare shi a auna hujjarsa, ba a ɗauke ta ba tare da awo ba. Wanda aka kawo masa amsa gamsasshiya ya ƙi motsawa, ko wanda duk abin da aka kawo sai ya ce a'a don a san da shi, sunan abin da yake yi taurin kai ko jayayya.

Doka ta kare mai saɓawa?

Sashe na 19 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya tabbatar wa kowa 'yancin riƙe ra'ayi da bayyana shi, haka ma sashe na 9 na yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa ta yarda a sa iyaka, amma sai da doka, kuma sai don kare mutuncin wasu ko tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a ko lafiyarsu ko tarbiyyarsu. Abin da ke rubuce dabam, abin da ake aikatawa dabam: masanin kimiyya Andrei Sakharov ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975, amma a 1980 hukumomin Tarayyar Sobiyat suka tsare shi a birnin Gorky bayan ya soki mamayar Afghanistan.

Yaya ya kamata a rubuta saɓawar wani a bayanan taro ko a labari?

Mai rubuta bayanan taro ya fara da matsayar da aka cimma da adadin waɗanda suka amince, sannan ya ambaci wanda ya saɓa da sunansa idan ya nemi haka, tare da dalilinsa a taƙaice kuma da lafazin da shi mai maganar zai yarda cewa nasa ne. Ya isa a rubuta cewa mambobi takwas sun amince, mamba ɗaya ta saɓa bisa dalilin cewa ba a gabatar da rahoton binciken kuɗi ba, kuma ta nemi a rubuta matsayarta. Bai halatta a rubuta cewa an amince baki ɗaya ba matuƙar akwai wanda ya ƙi, ko da mutum ɗaya ne, domin baki ɗaya yana nufin babu wanda ya saɓa. Wannan yana da amfani ga shi mai saɓawar ma, saboda idan daga baya aka zo binciken yadda aka yanke shawarar, rubutun ne zai nuna inda kowa ya tsaya.

Ɗan jarida kuma ya kiyayi aikatau masu ɗauke da hukunci. Ya yi tawaye, ya bijire, ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa, ya juya wa 'yan'uwansa baya, duk waɗannan zargi ne da ke buƙatar shaida a kan abin da mutumin ya aikata bayan taro. Idan abin da ya faru bai wuce ya faɗi ra'ayinsa ya kaɗa ƙuri'arsa ba, sai a rubuta cewa ya saɓa wa masu rinjaye, a kawo adadin ƙuri'un ɓangarorin biyu, a kuma ba hujjarsa fili gwargwadon wanda aka ba hujjar waɗanda suka rinjaye shi.